Fom ɗin bayyana kadarori na Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata: rantsuwa mai kyau da aka hana ta shaidu

Duk ranar 29 ga Mayu ta shekarar zaɓe, da zarar an gama rantsar da shugaban ƙasa da gwamnoni, wata magana takan dawo bakin mutane a Najeriya. Cewa ake yi tun da masu mulki sun saba dafa Alƙur'ani da Baibul sannan su wawure dukiyar ƙasa ido a bushe, to a ajiye littattafan nan a kawo musu rantsuwar gargajiya. Bayarabe ya sumbaci ƙarfen Ogun, abin bautarsu na ƙarfe, ɗan ƙabilar Ibo ya kira Amadioha, abin bautarsu na tsawa, a nan Arewa kuma a sa mutum ya ce aradu ta faɗa masa in ya taɓa kuɗin jama'a. Masu wannan ra'ayi ba wasa suke yi ba. Takaici ne ya kai su, ganin ƙasa mai mai da iskar gas da zinare amma asibitin ƙauye ba magani.

Sai dai akwai wata rantsuwa da doka ta riga ta tanada musamman saboda dukiya, wadda yawancin masu wannan muhawara ba su taɓa gani da idonsu ba. Ita ce fom ɗin bayyana kadarori da Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata, wato CCB, take bayarwa kuma take karɓa. Wannan sharhi a kan hidimar ne: yadda ake cika fom ɗin, inda masu cikawa ke tuntuɓe, abin da yake iya kamawa, da dalilin da ya sa har yau bai zama abin tsoro ga ɓarawon gwamnati ba. Hukuncinmu tun daga farko shi ne, a rubuce tsarin ya fi duk wata rantsuwar matsafa ƙarfi, amma yadda ake tafiyar da shi ya zubar da abin da ya sa rantsuwar mutanen da take da kwarjini.

Wajibcin ya fito ne daga kundin tsarin mulki na 1999, a jadawali na biyar, inda ƙa'idar ɗa'ar ma'aikata take, sakin layi na 11. Kowane ma'aikacin gwamnati zai rubuta dukiyarsa da kadarorinsa da bashin da ake binsa a lokuta uku: da zarar ya kama aiki, duk bayan shekara 4, da kuma ranar da wa'adinsa ya ƙare. Jerin waɗanda abin ya shafa yana da tsawo, tun daga shugaban ƙasa da alƙalin alƙalai, zuwa soja da ɗan sanda, malamin jami'ar gwamnati, kansila da ma'aikacin ƙaramar hukuma. Ga masu manyan kujeru ma an ƙara ɗaure abin. Sashe na 140 ya hana shugaban ƙasa fara aiki sai ya bayyana kadarorinsa ya kuma yi rantsuwar kama aiki, sashe na 185 ya ɗora wa gwamna haka, sashe na 52 kuma 'yan majalisar tarayya. Wato a doka fom ɗin ne ke gaba, bikin rantsuwar da ake nunawa a talabijin yana biye.

Samun fom ba shi da wahala. Ana karɓa a hedikwatar hukumar da ke Abuja ko a ofishinta na kowace jiha, kuma ba a sayar da shi. Wanda ya ce a ba shi kuɗin fom, kuɗin aljihunsa yake nema. Ana ba mutum kwana 30 daga ranar da ya karɓa ya cika ya mayar. A ciki akwai gurbin kuɗin da ke bankunan cikin gida da na waje, gurbin gidaje da filaye da gonaki da masana'antu, gurbin motoci da injuna da kayan gida, gurbin hannun jari da takardun lamuni na gwamnati. Kowace kadara ana son a faɗi inda take, ranar da aka same ta, darajarta, da hanyar da aka same ta, saye ne ko gado ko kyauta ko rance. Akwai shafukan mata ko miji, da na 'ya'yan da ba su yi aure ba kuma ba su kai shekara 18 ba. In an gama cikawa ba a kai wa hukumar kai tsaye. Sai an je gaban alƙalin babbar kotu an rantse cewa abin da aka rubuta gaskiya ne, ya sa hannu, sannan a mayar a karɓi takardar shaidar cewa an kawo. Wannan 'yar takarda a adana ta tare da kwafin fom ɗin gaba ɗaya, don ita kaɗai ce hujjar mutum ranar da aka ce ba a ga fayil ɗinsa ba.

Mai gaskiya ma yana iya faɗawa rami a nan, musamman ɗan Arewa, saboda yadda dukiyarmu take ba koyaushe take shiga layukan fom salin alin ba. Gidan gado da ba a raba ba shi ne na farko. Mutum yakan ce ai ba nasa ba ne tukuna, ya bar gurbin fayau, bayan shekara 4 an raba gado gida ya faɗo a rabonsa, sai ya bayyana a fom na biyu kamar daga sama. Abin yi shi ne a rubuta gidan tun farko, a ce gado ne na magada da yawa, ba a raba ba. Haka filin da aka saya da takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa da shaidu, babu takardar mallaka ta gwamnati. Rashin satifiket bai cire shi daga zama kadara ba, a rubuta unguwa da girman filin da shekarar saye. Shanun da aka ba makiyayi kiwo, hatsin da aka saye aka ajiye don kasuwa, jarin da aka zuba a shagon ƙane, duk dukiya ce. Sai kuma dukiyar mata. Mai mata biyu ko uku kowacce sai an rubuta nata daban, kuma tun da a shari'a abin mace nata ne, miji da yawa bai san adadin zinaren da ke akwatin matarsa ko filin da ta gada a garinsu ba. Gara a zauna a yi magana da ita kafin a je gaban alƙali, maimakon a yi kintace a rantse a kai. Bashi kuma kada a ji kunyar rubuta shi. Wanda ya ɓoye rancen da ya gina gida da shi, ya zubar da hujjar da za ta kare shi gobe.

Tsohon asusun banki da aka manta da shi ya fi komai kama mutane. Asusun albashi na wurin aikin da aka bari, ko wanda aka buɗe lokacin bautar ƙasa, ko da naira dubu biyu ce a ciki, in ba a rubuta ba ya zama bayanin da bai cika ba, kuma tun da lambar BVN ta haɗa asusun mutum wuri ɗaya gano shi ba wuya. Asusun ƙasar waje kuwa haramun ne ga shugaban ƙasa da mataimakinsa, gwamnoni da mataimakansu, ministoci, kwamishinoni da 'yan majalisa, don haka rufe shi ake yi, rubuta shi a fom bai halatta ci gaba da riƙe shi ba.

Inda dokar ta yi kyau ƙwarai shi ne ƙaramin sakin layi na uku na sakin layi na 11 ɗin nan. Duk dukiyar da aka samu bayan an cika fom, wadda albashi ko kyauta ko rancen da ƙa'ida ta yarda da shi bai isa ya bayyana ta ba, ana ɗaukarta ta haram har sai mai ita ya kawo hujjar akasin haka. A shari'ar sata ta yau da kullum mai gabatar da ƙara ne zai sha wahalar nuna daga wane asusu aka ɗebi kuɗi, ta wace hanya, ranar yaushe. A nan kuwa tambaya ɗaya ce: ka shiga da gida biyu, ka fita da goma sha biyu, daga ina? Sakin layi na 13 ya ƙara da cewa abin da mutum ya aikata ta hannun wakili ko wanda ya ba riƙo, shi ya aikata. Hukuncin da Kotun Ɗa'ar Ma'aikata za ta iya yankewa uku ne: sauke mutum daga kujera, hana shi riƙe muƙami har zuwa shekara 10, da ƙwace dukiyar a mayar wa gwamnati. Afuwar shugaban ƙasa ba ta shafe wannan hukunci, kuma bai hana a sake gurfanar da mutum a kotun laifuka ba. Musulmi zai ga tsarin bai zame masa baƙo ba. An ruwaito cewa Sayyidina Umar yakan sa a rubuta abin da gwamna ya mallaka ranar naɗa shi, in ya dawo da ƙari mai yawa a raba a kai baitulmali. Hadisin Ibnul Lutbiyya ma sananne ne, mai karɓar zakkar da ya dawo ya ce wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni, Annabi (SAW) ya tambaya me ya hana shi zama a gidan mahaifinsa ya ga ko za a kawo masa kyautar.

To me ya sa rantsuwar gargajiya ta fi wannan ban tsoro? Masu kiran a dawo da ita suna ɗauka asirin yana jikin ƙarfen ko gunkin ne. In aka duba yadda ake yin ta sai a ga wani abu dabam. A ƙasar Ibo, idan rikicin gona ya gagara, wanda zai rantse yakan tsaya gaban dangin ɓangarorin biyu da dattawan gari, ya faɗi magana ɗaya ƙwaƙƙwara, cewa wannan gona daga nan zuwa can ta kakansa ce. Ana yanka wa'adi, galibi shekara guda. In ya mutu ko wani babban bala'i ya same shi a ciki, an ɗauka ƙarya ya yi, in ya wuce lafiya gona ta zama tasa, har biki ake yi. Kotun Ƙolin Najeriya ma ta taɓa amincewa da sakamakon irin wannan rantsuwa a matsayin sulhun al'ada da ɓangarori suka yarda da shi da kansu, a shari'ar Onyenge da Ebere ta 2004. Ibibiyo suna da mbiam, Kamba na Kenya suna da kithitu, a ƙasar Asante ta Gana hakimi yakan ɗaga takobi a bainar jama'a ya yi wa Asantehene, babban sarkinsu, alkawarin amsa kira dare ko rana. A duk waɗannan, maganar da aka rantse a kanta takamaimiya ce, an yi ta a gaban mutanen da suka san gaskiyar lamarin, akwai lokacin da za a dawo a duba, kuma abin kunyar ba ya tsayawa kan mai rantsuwa, har gidansu yake shafa. Mutumin da zai yi ƙarya kan iyakar gona yana kallon tsohon da ya ga ranar da aka dasa itacen iyakar. Wannan ido shi ne rabin tsoron.

Da aka cire idon jama'a aka bar tsafin kaɗai, an ga abin da ya haifar. A jihar Anambra, bayan an sace gwamna Chris Ngige ranar 10 ga Yulin 2003, ya fito fili cewa tun kafin zaɓe iyayen gidansa na siyasa sun kai shi matsafar Okija don ya yi musu rantsuwar biyayya. Ba don ya kare baitulmalin jiha aka kai shi ba, don ya riƙa buɗe musu shi ne. A Agustan 2004 'yan sanda suka kai samame wurin suka tarar da ƙoƙunan kai da gawarwaki masu yawa. A jihar Edo kuma masu safarar 'yan mata zuwa Turai da irin wannan rantsuwa suke ɗaure su, a karɓi gashi da farce, a ce duk wadda ta gudu ko ta tona asiri za ta haukace ko ta mutu, har sai da Oba na Benin, Ewuare na Biyu, ya tara bokayen masarautarsa a Maris na 2018 ya warware rantsuwoyin ya tsine wa masu yin su. Rantsuwar ɓoye mai ƙarfi take yi wa aiki. Ga Musulmi kuwa maganar ma ba ta taso ba, domin rantsuwa da wanin Allah hadisi ya kira ta shirka. Abin lura shi ne fiƙihun Malikiyya da kotunanmu ke bi shi ma ya san darajar idon jama'a, shi ya sa a kan dukiya mai ƙima ake tsananta rantsuwa a kai mutum masallacin Juma'a ya yi ta a tsaye a gaban mutane.

A wannan ma'auni fom ɗin CCB ya ci biyu ya faɗi biyu. Maganarsa takamaimiya ce, har ta fi ta kowace matsafa, tun da lamba ce da adireshi. Wa'adi ma akwai. Amma babu shaidu, kuma ba a dawowa a duba yadda ya kamata. Alƙalin da aka rantse a gabansa bai san ko gidan da aka rubuta yana nan ba, ba kuma aikinsa ba ne ya sani. Daga nan fom ya shiga kabad. Jadawali na uku na kundin tsarin mulki ya ce hukumar ta ajiye takardun ta kuma bar kowane ɗan ƙasa ya duba bisa sharuɗɗan da majalisar tarayya za ta gindaya. Tun 1999 majalisar ba ta gindaya sharuɗɗan ba, kuma ba abin mamaki ba ne, tun da fom ɗin 'yan majalisar na cikin waɗanda za a buɗe. An ba kura ajiyar nama. Dokar 'yancin samun bayanai da aka sa wa hannu a Mayun 2011 ta ba hukumomi kwana 7 su amsa buƙatar ɗan ƙasa, amma sau da yawa amsar da ƙungiyoyi da 'yan jarida ke samu kan fom ɗin manya ita ce bayanan sirrin mutum ne, sai da izinin mai shi.

Shi ya sa abin da jama'a suka taɓa gani sai wanda mai shi ya ga dama ya fitar. Umaru Musa 'Yar'aduwa ya wallafa nasa a Yunin 2007, dukiyar da ta kai kimanin naira miliyan 856. A Satumbar 2015 fadar shugaban ƙasa ta fitar da taƙaitaccen bayanin na Muhammadu Buhari, inda aka ji shanu 270, tumaki 25, dawakai 5 da gidajen ƙasa biyu a Daura. Ko wanda bai yarda da lissafin ba ya samu abin da zai riƙe ya yi tambaya, mutumin Daura kuma ya san ko gidajen suna nan. Amfanin wallafawa ke nan: aikin da ma'aikatan hukuma ƙalilan ba za su iya yi a kan fom ɗin ɗimbin ma'aikatan tarayya da jihohi 36 da ƙananan hukumomi 774 ba, maƙwabta da dillalan filaye da magina za su yi shi kyauta.

Rashin dubawa ya buɗe ƙofar wata dabara da ta fi ɓoye dukiya illa. Mai shiga ofis yakan rubuta abin da bai mallaka ba tukuna, gidaje da miliyoyin da yake sa ran tarawa, don ranar fita lissafi ya daidaita. In da za a je a ga gidan a makon da aka kawo fom, a nemi takardar banki ta ranar, dabarar ta mutu. Wata hanyar ita ce a sa kadara da sunan ɗa ko 'yar da ta wuce shekara 18, ko suruki, ko direba, ko kamfanin da aka yi wa rajista da sunayen wasu. Noma ma ya zama mafaka, domin shi kaɗai ne sana'ar da ƙa'idar ta yarda ma'aikaci na cikakken lokaci ya gudanar, sai a ga gonar da ba ta cika buhu ɗari ba ana jingina mata ribar da ta sayi gida a unguwar Maitama ta Abuja. Dokar hukumar kuma tana da wani sassauci, cewa in mutum ya amsa kuskurensa a rubuce ba lallai a kai shi kotun ba. An yi shi don mai mantuwa, amma mai gangan ma yana shiga ta nan.

Manyan shari'o'i biyu da kowa ya sani sun ƙara rage wa hidimar mutunci, ba don an tuhumi manya ba, sai don lokacin da aka zaɓa. An gurfanar da Bukola Saraki a Satumbar 2015, wata uku bayan ya zama shugaban majalisar dattawa ba da son jam'iyyarsa ba, a kan fom ɗin da ya cika tun yana gwamnan Kwara tsakanin 2003 da 2011. Kotun Ƙoli ta sallame shi a Yulin 2018. Walter Onnoghen yana alƙalin alƙalai aka dakatar da shi ranar 25 ga Janairun 2019, makonni kaɗan kafin babban zaɓe, kotun ɗa'a ta same shi da laifi a Afrilu, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke hukuncin a Nuwambar 2024 bayan an yi sulhu. Ko mene ne ra'ayin mutum kan su biyun, darasin da 'yan siyasa suka ɗauka shi ne fom yana kwance shekaru ba mai taɓa shi sai ranar da ka saɓa wa mai iko. Shugaban ƙasa ne ke naɗa shugaban hukumar da mambobinta 9, kuɗin aikinta daga kasafin gwamnati yake zuwa, sashe na 308 na kundin tsarin mulki kuma ya sa wa shugaban ƙasa da gwamnoni da mataimakansu rigar kariya daga gurfana muddin suna kan mulki, ko da yake bai hana a bincike su ba.

A fannin albarkatun ƙasa ne wannan giɓi ya fi tsada. Sashe na 44 na kundin tsarin mulki ya mallaka wa gwamnatin tarayya duk mai da gas da ma'adinan da ke ƙarƙashin ƙasa, ko a gonar wa suke. Abin da ya shiga asusun tarayya, bayan an cire aƙalla kashi 13 cikin 100 na jihar da aka haƙo arzikin, ana raba shi duk wata: tarayya 52.68, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60. Rigimar da ake ji a kan waɗannan lambobi ce. Amma babbar asarar tana faruwa tun kafin kuɗi ya isa asusun, a wurin ba da lasisi. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne rijiyar mai ta OPL 245. A 1998 ministan mai Dan Etete ya ba kamfanin Malabu ita, daga baya wata kotu a Landan ta tabbatar yana da hannu a mallakar kamfanin. A 2011 Shell da Eni suka biya dala biliyan 1.3 a kanta, mafi yawan kuɗin ya tafi wajen Malabu. Kotun Milan ta wanke kamfanonin biyu a 2021, amma tambayar yadda minista ya ba kamfanin da yake da rabo a ciki dukiyar ƙasa tana nan. Sakin layi na farko na ƙa'idar ɗa'a abin da ya hana ke nan, ma'aikaci ya sa kansa inda muradinsa zai ci karo da aikinsa.

A Arewa abin ya fi kusa da gida. Dokar ma'adinai ta 2007 ta tanadi lasisi iri-iri: na bincike yana iya ɗaukar murabba'in kilomita 200, na ƙaramar haƙa bai wuce 3 ba, babban lasisin haƙa kuma 50 na tsawon shekara 25. Ana buƙatar amincewar mai ƙasa a rubuce, kuma kafin a fara babban aiki sai kamfani ya ƙulla yarjejeniyar raya gari da mutanen wurin, wadda ake sake dubawa duk shekara 5. A ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, inda gubar dalma daga niƙan dutsen zinare a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400 a 2010, mutane nawa ne suka san sunan mai lasisin ƙasar da suke zaune a kai? Fom ɗin CCB yana tambayar hannun jari, amma ba shi da wani gurbi da ya keɓe ya ce: kana da rabo, kai ko wani a madadinka, a kamfanin da ke riƙe da lasisin mai ko ma'adinai? Jerin ma'aikatan da ƙa'idar ta shafa kuma bai ambaci sarakuna da sunan sarautarsu ba, alhali sau da yawa ta hannunsu takardar amincewar gari take bi. Haka amintattun asusun al'ummomin yankin mai, wanda dokar man fetur ta Agustan 2021 ta ce kamfani ya riƙa zuba masa kashi 3 cikin 100 na kuɗin gudanarwarsa na bara, kamfani ne ke naɗa su, ba sa cikin jerin.

Kayan gyaran kuwa suna nan a warwatse. Hukumar NEITI, wadda dokarta ta fito a 2007, tana wallafa rahotannin abin da kamfanonin mai da ma'adinai suka ce sun biya da abin da gwamnati ta ce ta karɓa, ta kuma buɗe rajistar ainihin masu kamfanonin a Disambar 2019. Dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta a sanar da hukumar rajistar kamfanoni, wato CAC, duk mai ƙarfin iko a kamfani. Ofishin rajistar lasisin ma'adinai yana da sunan kowane mai lasisi da taswirar wurinsa. Abin da ya rage shi ne a ɗora fom ɗin minista, gwamna, kwamishina da shugaban ƙaramar hukuma a kan waɗannan rajistoci a ga inda suna ya maimaitu. Ba sai an wallafa na malamin firamare ba, ba kuma sai an fitar da lambar asusu ko sunan ƙananan yara ba. Na zaɓaɓɓu da waɗanda ake naɗawa su riƙe kuɗi da lasisi ya isa, na ranar shiga da na ranar fita a jere, da Turanci da harshen mutanen da suka zaɓe su, a kafe a sakatariyar ƙaramar hukuma a karanta a rediyon jiha.

Kafin a kai can, ƙofa ɗaya ce a buɗe ga ɗan ƙasa, ita ce ƙorafi. Sakin layi na 12 na ƙa'idar ɗa'a ya ce duk zargin karya ƙa'ida hukumar CCB ake kai wa. Ƙorafin da ke cewa wane ɓarawo ne, kowa ya sani, ba ya zuwa ko'ina. Wanda ke da nauyi shi ne mai sunan jami'i da muƙaminsa da shekarar da ya kama aiki, sannan kadara ɗaya ko biyu da aka tabbatar: lambar fili, unguwa, shekarar da aka fara gini, hoto, ko sakamakon binciken CAC da ya nuna sunansa ko na ɗansa a kamfanin da ya samu lasisi ko kwangila daga ma'aikatarsa. Mai ƙorafi ya sa sunansa da adireshinsa, ya kai kwafi biyu, a buga masa hatimin karɓa a ɗaya ya tafi da shi. In ƙungiyar gari ce ko ta matasa ta sa hannu ya fi mutum ɗaya kariya da tasiri. Kada a rubuta abin da aka ji a majalisa ba a gani ba, domin zargi ɗaya na ƙarya yana iya rusa sauran na gaskiya, ya kuma jawo wa mai shi ƙarar ɓata suna. Bayan wata guda in ba a ji komai ba a rubuta takardar tuni, a ambaci ranar da hatimin farko ya nuna, a aika kwafi ga EFCC ko ICPC in abin ya haɗa da kuɗin kwangila.